Jif 'Yar Kwatano da Ta Kusa Raba Ni da Ƙanena

Baba Fasto, dattawan ikilisiya, iyayena mata na zumunta, matasa da yara, ina gaishe ku duka cikin sunan Yesu Almasihu, wanda bai bar ni na hallaka ba. Ku ce Amin da ƙarfi, don abin da zan faɗa yau yana da nauyi.

Saboda baƙin da ke cikinmu, sunana Habila. Manomi ne ni, a nan bayan Kafur aka yanke cibiyata, kuma ina cikin dattawan ikilisiyar nan. Waɗanda suka san ni sun san ba ni da haƙuri. Na ga wasunku sun fara murmushi don sun san da zancen mota zan fara. To ku yi dariyarku yanzu, nan gaba ba za ku samu dama ba.

Ni da ƙanena Yunana uwa ɗaya uba ɗaya muke. Tun da mahaifinmu ya rasu ba mu raba gandu ba. Gona ɗaya, sito ɗaya, gida ɗaya mai sassa biyu, tuwo kuma a kwano ɗaya muke ci a zaure. Kun san shi, shi ke ba da waƙa a kwaya, ƙungiyar mawaƙan majami'ar nan, tun yana saurayi. Mutum ne marar hayaniya. In na faɗi magana goma shi ɗaya zai faɗa, ɗayar nan kuma sai ta fi goman tawa shiga jiki.

Kakar bara masara ta yi kyau, waken suya ma ya ba da. Da na ɗauki rabona sai na ce mota zan saya. Ba ƙaramar mota ba fa, jif! 'Yar Kwatano ce, wani Alhaji a Funtua ya hau ta wasu shekaru ya gaji da ita. Baƙa ce doguwa, komai nata da wuta yake aiki. Gilashi da wuta, ƙofa da wuta, kujera ma dannawa za ka yi ta matsa. Na ce wa mutane don kai Inna mahaifiyarmu asibitin Malumfashi na saye ta, da kwasar iyali zuwa sujada. Gaskiya ne, amma rabin gaskiya. Sauran rabin, so nake in shigo harabar majami'a kowa ya juyo ya kalle ni.

Ranar da na kawo ta gida Yunana ya zagaya ta sau biyu, ya ce, “Yaya, ta yi kyau, Allah ya tsare. Amma irin wannan ba ta ƙauye ba ce. Ina tsoron ba za ta shekara ba.”

Na ce, “Haba! Mugun fata tun ba a je ko'ina ba?”

Muka yi dariya. Gyara kayanka ai bai zama sauke mu raba ba. Amma ni na naɗe maganar na ajiye a zuciya.

Sai kuma ina zan ajiye ta? A fili rana za ta ci fenti, yara su zana ta da ƙusa. Na kwashe rumfar da ke jikin siton masara, na share, na shigar da ita, na lulluɓe ta da tamfol ɗin da muke shanya hatsi. Akwai wata kyanwa da ta daɗe tana kwana a rumfar. Kwana biyu ina ganin sawunta a kan bonet. Ko shawara ban yi da kowa ba, na cusa ta a buhu na ba wani mai babur ya kai ta nesa ya sake. Inna ta ce, “Habila, me kyanwar ta ci maka?” Na ce Inna ba ki san darajar fenti ba ne.

Wata biyu lafiya lau. A na uku aka fara.

In murɗa makulli da safe, ko tari ba za ta yi ba. A tara samari a yi ta tura jif, ni ina ciki ina gumi. Na sa sabon batir, kwana huɗu shi ma ya kwanta. Ana tsakiyar rani, ko gajimare babu a sama, sai waifa ta tashi tana sharar gilashi ita kaɗai. Fitilun gaban direba duk su kunnu, ja da ruwan ɗorawa, kamar shagon mai sayar da rediyo. Rannan a kasuwar Malumfashi ƙofofi suka kulle kansu da matata Saratu a ciki. Sai ta but ɗin bayan motar aka fito da ita, ɗankwali a hannu, 'yan kasuwa suna kallo. Har yau in tana so ta ɓata mini rai wannan take tunawa.

Na ranar Lahadi kuwa kuna nan ai. Baba Fasto yana tsakiyar wa'azi, jif ta saki hon a harabar nan, babu kowa a cikinta. Na fita da gudu, babbar riga tana harɗe ni, na danna wannan na danna wancan, ta ƙi shiru sai da aka cire kan batir. Kun yi dariya, na ji ku. Ni kuwa a ranar ban yi dariya ba.

Babu inda ban kai ta ba. Kafur, Malumfashi, Funtua, har Zariya. Wannan ya ce fiyus ne, wancan ya ce abin cajin batir ne, wani ya ce ƙwaƙwalwar motar ce ta taɓu. Na ce ashe mota ma tana da ƙwaƙwalwa? Amma ku ji inda nake da laifi. Duk wanda ya ce in bar ta kwana biyu ya buɗe ta sosai, sai in ce a'a. An gaya mini in mota ta kwana a gareji, cire mata kaya masu kyau ake yi a sa mata ruɓaɓɓu. Don haka a kansu nake tsayawa ina ta “yi sauri, yi sauri.” Su ɗan laƙa waya su naɗe da salatif, in ja abata in tafi. Kafin mako ya zagayo ta fito da sabon salo.

'Yan'uwa, hankalina ya tashi. Ba na iya zama wuri ɗaya. In fara cin tuwo, in tashi in je in ɗaga tamfol in leƙa. Ina gona zuciyata tana rumfa. Ina addu'a ido a rufe, amma fitilun nan ja da ruwan ɗorawa nake gani. Saratu ta ce, “Baban yara, ka sayar da ita mu huta. Da ba ƙafa da babur muke yawo ba?” Na daka mata tsawa. Na riga na fara cewa a raina ruwa ba ya tsami banza.

Wata safiya, dab da faɗuwar damina, makullina ya faɗa ƙarƙashin kujerar direba. Na zura hannu, sai na taɓo wani abu mai laushi a cuse cikin wayoyi. Na jawo shi. Ƙulli ne kamar dunƙulen hannu. Tsumma, gashin masara, gashin kaza, har da gashin mutum, duk an murɗe su wuri ɗaya. A tsakiya kuma ga ƙyallen shuɗin yadi. Ko a mafarki na san yadin nan. Tsohon ankon 'yan kwaya ne, kuma a gidanmu mutum ɗaya ne yake da shi.

 Wa ke shiga rumfar nan kullum da safe ya auno hatsi? Yunana. Wa ya ce ba za ta shekara ba? Yunana. Na ce shi ke nan, sammu ne, kuma da ɗan gari akan ci gari.

Ban tambaye shi ba. Ku lura, ban tambaye shi ba! Na sa ƙullin a aljihu, na hau babur, na tafi wajen wani tsoho a bayan dutse, irin waɗanda kakanninmu suke zuwa wurinsu kafin bishara ta iso mana. Ni, dattijon ikilisiya, na tuɓe takalmi na durƙusa a gaban boka. Ya juya ƙullin, ya tambaye ni wa nake zargi, na faɗa masa. Ya gyaɗa kai ya ce ai shi ne. Abin da na kai masa da bakina shi ya mayar mini, ni kuma na karɓa hannu biyu.

Daga ranar na daina cin abinci a zaure. Na hana 'ya'yana shiga sashinsa. Na sa aka kafa zana a tsakiyar gidan ubanmu. Yunana ya biyo ni gona ya ce, “Yaya, me na yi?” Na ce, “Kai ka sani.” Inna ta kira ni tana hawaye ta ce hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar. Na ce, “Inna, in ya ruɓe har ƙashi fa?”

Ban tsaya nan ba. Na kawo ƙullin gaban dattawa a ofishin Baba Fasto, na baje shi a tebur. Zuwa wajen boka ban faɗa ba, wannan na ɓoye. Aka kira Yunana. Ya dubi ƙyallen ya ce, “Yadin rigata ce, amma ban san yadda ya shiga can ba.” Iyakar abin da ya faɗa ke nan. Baba Fasto ya ce a bi a hankali, zato zunubi ne. Ni kuwa na yi ta buga tebur har aka ce Yunana ya dakata da ba da waƙa sai an bincika. Magana ta fita gari. Mata suka fara janye 'ya'yansu in ya wuce. Lahadi biyu ya zo ya zauna a baya, ta uku bai zo ba.

Haka muka yi daminar nan, gona ɗaya, shi a wancan gefe ni a wannan, ko sannu babu. Da masara ta fara bushewa matarsa ta gaya wa Saratu cewa da an gama girbi za su kwashe su koma Matazu wajen iyayenta. Na ji, na ce Allah ya raka taki gona. Motar kuwa ba ta fasa ba, sai ma abin da ya ƙaru. Maimakon in ce to, ashe ba ƙullin ba ne, sai na ce Yunana ya sake sabon aiki.

Yanzu ga wurin da ya fi mini wuyar faɗa. Tsohon bokan nan ya ce in abin ya ƙi, in kawo baƙin zakara a mayar wa mai shi da kayansa. Na san ma'anar maganar sarai. Ranar wata Talata, mako uku da suka wuce, na ɗaure baƙin zakara na jefa a but, na kama hanya da hantsi.

Na wuce Malumfashi kaɗan a kan titin Funtua sai na ji ƙaurin roba. Hayaƙi ya fara fitowa ta ƙasan sitiyari. Komai ya ɗauke lokaci ɗaya, da kyar na gangara gefen titi. Allah ya taimake ni ƙofa ta buɗu. Na fisge kan batir, na watsa ƙasa, hayaƙin ya lafa.

Na zauna a gindin wata ɗorawa, rana ta take. Na tashi, na zauna, na sake tashi. Sai zakaran nan ya yi cara a cikin but. Wayyo! Kamar an watsa mini ruwan sanyi. Na ce Habila, ina za ka? Yaron da ka goya a bayanka ranar da Inna take zazzaɓi, shi za ka je a yi wa aiki? In ya faɗi, wa zai riƙe 'ya'yansa huɗu? Wa zai kalli idon Inna?

Na durƙusa a kan ƙasa mai zafi, motoci suna wucewa, ban damu ba. Wata shida ina addu'ar wuta ta sauka a kan maƙiyi, ranar nan bakina ya kasa. Kuka kawai nake yi. Abin da na iya faɗa shi ne, “Yesu, ko da shi ne, ka riƙe hannuna. Na gaji. Ka cece ni daga kaina.” Na yi ta maimaitawa har muryata ta dushe. Da na tashi, motar tana nan a mace yadda take, amma a karon farko cikin watanni na ja numfashi ya kai har ciki. Na buɗe but na kwance zakaran, ya shige gonar dawa.

Wani direban babbar mota mai ɗauke da masara ya tsaya, ya ɗaura igiya ya ja ni zuwa Funtua. Ya kai ni wajen wani dattijo mai gyaran wayoyin mota, Malam Sa'idu riwaya. Malam Sa'idu ya leƙa ya ce, “Sai na kwance gaban nan gaba ɗaya. Kwana biyu. In ba ka yarda ba, ja abarka.” Me zan ja? Na miƙa masa makulli na hau motar haya.

Ranar Alhamis na dawo na same shi ya idar da sallar azahar yana naɗe darduma. Ya ce, “Malam Habila, zo ka ga baƙinka.” Ya shimfiɗa buhu a ƙasa. A kai ga wayoyi kala-kala duk an gwaigwiye su, tagulla a waje. Ga masara wajen rabin tiya da ya kwaso daga bayan agogon mota. Ga 'ya'yan ɓera guda biyar, jajaye, ido ma bai buɗe ba. Ga kuma ƙulli har uku.

Ya ce, “A ina take kwana?”

Na ce, “A rumfa, jikin siton masara.”

“Kuna da kyanwa a gidan?”

Na ce, “Da akwai, ni na sa aka kai ta nesa.”

Ya yi dariya har da riƙe ciki. Ya ce, “To ai kai ka gina musu gidan sama. Suna cin rigar waya, waya ta taɓa waya, shi ya sa take muku hon da waifa. In ɓera na da sata, daddawa ma na da wari.”

Na ciro nawa ƙullin daga aljihu, don kullum yana tare da ni. Na ce, “Malam, wannan fa? Ba aiki ba ne?” Ya karɓa ya jera shi da sauran ukun, ba ka iya bambanta su. Ya ce sheƙar ɓera ce, duk abin da suka samu mai laushi ja suke yi. Ya warware ɗaya da sukundireba, ya ɗago wani zare ja da fari, ya dubi kaina. Ya ce, “Wannan ba irin zaren hularka ba ne? In sammu ne, to kai ma ka yi wa kanka.”

Tsohuwar hulata ce, wadda na rataye a rumfa. A nan na tuna tsohuwar rigar kwayar Yunana ma a ƙusar kusa da ita take, da ita yake toshe bakin buhu in ya yage. Shekara nawa ina ganinta a wurin! Da ƙasa za ta tsage a lokacin, da na shige na ja ta na rufe.

Ban jira motar ba. Na kwashi buhun yadda yake na nufi gida. Na samu Yunana a bayan zana yana ɗaure tukwane da igiya, kayan tafiya. Na baje masa komai a ƙasa ina ta zuba, ɓeraye ne, ga waya, ga masara, ga hulata. Har da dariya nake yi, ni a tunanina shi ke nan an gama.

Bai yi dariya ba. Ya dubi buhun, sannan ya ce, “Yaya, na gode wa Allah. Amma shekara arba'in da ɗaya muna cin tuwo kwano ɗaya, ba su ishe ka shaida ba, sai da ɓera ya wanke ni. Da Malam bai same su ba fa? Har in mutu maye nake a wurinka.”



Na tsuguna na ce ya yafe mini. Ya ce, “Yafiya na yafe tun tuni, don in samu in yi barci. Amma ba a ɗaki ka ɓata ni ba.” Ya ci gaba da ɗaurin tukwanensa. Da hannuna na tumɓuke zanar nan a yammacin. Kayansu dai har safiyar yau a ɗaure suke.

Shi ya sa na roƙi Baba Fasto wannan dama. Ku ji da kunnenku, ku kai wa waɗanda ba su zo ba. Yunana bai yi mini komai ba. Bai taɓa zuwa wajen boka ba, ni na je. Ni na ɗauki zakara. Ni na yi wa dattawa rabin magana. Duk horon da ikilisiya ta ga ya dace da ni, na karɓa.

Ina yi wa Ubangiji godiya da ya kashe motar nan a kan hanya. Da ta kai ni inda na nufa, da yau ban san da wane baki zan kira sunansa ba. Halleluya! Ya cece ni daga zargi, ya cece ni daga jinin ɗan'uwana. 'Yan'uwa, in abu ya rikice muku, ku kai wa Yesu tun da wuri, ku dogara gare shi, ku kuma buɗe baki ku tambayi ɗan'uwanku kafin ku yanke masa hukunci. Kada ku jira sai an kwance gaban mota.

Na aika an roƙi Yunana ya zo yau, ban san ko zai zo ba. Ga shi can bakin ƙofa, a tsaye. Baba Fasto, a yi mini haƙuri, ba zan iya ƙarasawa daga nan sama ba, bari in sauka.

Yunana, ƙanena, a gaban mutanen nan na kayar da kai, ga ni a ƙasa a gabansu. Don girman Yesu ka kwance tukwanen nan. Kada ka tafi Matazu.